Gaisuwa a Ɗakin Leza

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Baba ya zo wurin aikina yau. Taki ya shigo saye Dutsin-Ma, sai ya ce bari ya leƙa ya ga ɗakin da 'yarsa take yini a ciki. Ya kawo ɗanyar masara a buhu. Bai daɗe ba, don ba a son bin hanyar garinmu Ɗantutture da yamma. Na raka shi bakin titi, na tsayar masa da motar Kurfi, ya shiga yana ta sa min albarka.

Da na koma na ce wa Malam Zaharaddin, mai kula da na'urorinmu, ya kashe lezar, na'urar da ke harba haske mai ƙarfi. Ya ce ai yanzu ta gama ɗumama, ga wuta an samu, wa ya san gobe. Na ce ya kashe. Ya dube ni, ya kashe.

Akwai wani abu a idona na dama. Wataƙila gajiya ce.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Yana nan. Na rufe na hagu na dubi ƙofar ɗaki. Gefe da gefe lafiya lau, tsakiya kuwa baƙin tabo kamar an ɗiga tawada, katakon ƙofar ya lanƙwashe a kusa da shi. Duk inda na juya ido sai ya riga ni isa. Ba ya ciwo. Da ma yana ciwo, da na fi sanin abin yi.

Na dafa masarar. Tana da zaƙi.

Alhamis, bayan magariba

Na faɗa wa maigidana Abdullatif. Ya ajiye cokali ya ce gobe da asuba sai Katsina. Na ce to, amma kada mutanen gida su ji. Ya ce ko mahaifiyata Inno? Na ce in Inno ta ji, Baba ya ji. Ya tambaye ni me zai hana Baba ji. Na tashi na kwashe kwanuka.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Likitan ido ya ɗiga min magani, ya haska, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya tambaye ni aikina.

Na ce ina koyar da fiziks, bincikena kuma a kan girafin ne, wato gawayin bakin fensir da aka ɓare har ya zama shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. A kansa ake jera 'yan gutsattsarin zinariya waɗanda ko madubin likita ba ya nuna su, sai mu harba musu leza. In hasken mai rauni ne, abin da ka ba su shi za su maido maka, launi ɗaya, daidai gwargwado. In ya yi ƙarfi sai lissafin ya sauya. Zinariyar ta tattara hasken a 'yar tazarar da ke tsakanin gutsattsarin, girafin ya amsa, hasken da ya shiga ba a ganinsa ya fito kore. Koren nan nake nema shekara da shekaru.

Ya ce ido ma haka yake yi, tattara haske yake a wuri guda. Na ce na sani, ina koyar da shi a ajin farko. Ya ce tunda hasken ba a ganinsa, fatar ido ba ta san ta ƙifta ba. Na ce wannan ma na sani. Ban kyauta masa ba, bawan Allah aikinsa yake yi.

Ƙuna ce a bayan ido, daidai wurin da ake karatu da shi. Jini ya taru a kai, sai ya janye za a san abin da ya rage. In dawo bayan wata guda.

"Ba ki sa tabarau na kariya ba?"

Na ce na sa. Ban yi ƙarya ba, tun safe yake a fuskata.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Yana nan.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Na je ofis. Na tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ina karanta dokokin da ke manne a jikinta, da ido ɗaya. Ni na tsara su, ni na manna. Ba a shiga da zobe ko agogo, ba a cire tabarau, kuma ko me ya faru ba a kai kai daidai da tebur, don a wannan tsayin hasken yake yawo. Ɗalibai suna yi min dariya a bayan ido saboda yadda nake nanata ta ƙarshen. Nakan ce musu in bironka ya faɗi ka bar shi a ƙasa har tashin duniya.

Bari in rubuta abin sau ɗaya in huta.

Ina gyara wani madubi a kan tebur aka yi sallama. Malam Zaharaddin ya leƙa ya ga dattijo da buhu, ya buɗe ƙofa. Wa zai bar dattijo a waje yana sallama? Na juya na ga Baba. Hannuna ya ɗaga tabarau, don ba wadda take gaida ubanta da baƙin gilashi a fuska. Gwiwoyina suka yi ƙasa. Ba wanda ya yi shawara da ni a cikinsu. Na ji ɗas a cikin kaina, na ga farin walƙiya, na ci gaba da gaisuwa. Ya hanya, ya Inno, ya damina. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, dogo ne, kansa can sama da komai.

Na miƙe na rufe bakin lezar, na nuna masa tebur daga nesa.

"To, Uwata, ina hasken? Ni ban ga komi ba."

Uwata yake ce min saboda sunan mahaifiyarsa na ci, Nana Hadiza.

"Ba a ganinshi, Baba."

"Allah mai iko," in ji shi. Ya ji daɗi ƙwarai, fuskarsa ta nuna.

Shi ke nan, na rubuta. Ba ya buƙatar ya sani, ba kuma zai sani ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da azahar

Shugaban sashe ya sa an rufe ɗakin sai an duba yadda aka jera madubai. Daidai ne, ni ma da haka zan yi.

Malam Zaharaddin ya shigo ofishina ya tsaya kamar wanda aka aiko da mugun labari. Ya ce, "Malama, ni na buɗe ƙofar nan." Na ce na gani, ina wurin. Ya ce bai iya barci. Na ce ya sha magani. Ya fita. Tun ranar yake kawo min abubuwan da ban nema ba, jiya lemo, yau fura. Mutumin kirki ne, kirkinsa ne ma yake gajiyar da ni.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Baba ya kira. Sai ya fita bayan gari kusa da makarantar firamare yake samun sabis, don haka kiransa ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce ya ba mutanen masallaci labari, ɗiyarsa tana aiki da zinariya da wani haske wanda ba a gani. Wai Alhaji Mutawakkil mai shago ya ce a tambaye ni ko ana samun ragowa a yi wa amaryarsa 'yan kunne. Na ce a faɗa masa duk zinariyar ɗakin ba ta isa a yi wa sauro haƙorin Makka ba. Baba ya yi dariya har da tari.

Ya ce in ya sake shigowa zai zo da limaminsu shi ma ya gani. Na ce ana gyara a ɗakin.

Litinin, 18 ga Agusta, da safe

Yana nan. Gefensa ya koma ja-ja.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Na buɗe kwamfuta na duba abin da na'ura ta ɗauka da safiyar ranar, kafin a yi sallama. Koren ya fito. Ɗan kaɗan ne, ido ba zai gan shi ba, na'ura ce ta ƙirga shi, amma ba kuskure. In an ninka ƙarfin lezar, shi sai ya ninka sau huɗu, kamar yadda lissafi ya ce. A wurin da babu zinariya, girafin shi kaɗai, shiru. Abin da na bar 'yata Hafiza tana rarrafe na tafi ƙasar waje dominsa ke nan, ga ta yanzu tana zuwa makaranta da kanta.

Na ji daɗi, ina tsammani. Na rufe kwamfutar na je na kwashe shanya, hadari ya haɗu.

Alhamis, 21 ga Agusta, da azahar

Matar da ta koyar da ni a waje, wadda ta aiko mana da tsohuwar lezarsu, ta kira. Ta yi murna da koren, ta yi jimamin idon. Ta tambaya me ya kai kaina daidai da tebur, ni da ta san ni da tsantseni. Na tsaya ina neman yadda zan bayyana mata durƙuso da Turanci. Na ce abu ne ya faɗi na duƙa ɗauka. Gara ta ɗauke ni sakarya.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Inno ta zo ta kwana biyu, wai ta yi marmarin jikarta. Na ɓoye maganin ɗigawa a cikin jakar aiki. Duk da haka ba a yi yini ba ta kama ni. Ina zuba mata shayi na zuba rabi a kan faranti, kofi na gefe yana kallona.

"Ke, mi ya samu idonki?"

Na ce karatu ne ya yi yawa, likita ya ce in huta.

"Ai na faɗi. Mutum kullum shina manne da kwamfuta kamar ƙadangare a bango. Ubanki kau sai zuga ki yake."

Na bar ta a haka. Karatu ba ya da fuskar da za ta ɓaci in an ɗora masa laifi.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Yana nan. Na fara iya saka zare a allura da na hagu, sai dai in karkata kai kamar kaza tana kallon shaho.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Direban motar Kurfi ya kawo saƙo daga Baba: kwalli a 'yar tandu, zuma, da rubutu a gora. Baba ya kuma kira ya ce in rage karatu, ilimi ba ya ƙarewa, ido kuwa biyu ne kacal. Na ce to. Na sha rubutun, na lashi zumar. Kwallin na ajiye, likita ya hana a sa komai.

Malam Zaharaddin ya ga gorar a kan teburina, ya tambaya. Na ce Baba ne ya aiko saboda idon. Ya ce, "Ashe ya ji." Na ce ya ji. Ina cikin duba takardun jarrabawa, ban ɗaga kai ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, da hantsi

An yi ruwa tun asuba. Jan ya ragu, baƙin bai motsa ba. Abdullatif ya daina tambayata da baki, kallona yake yi da safe in girgiza kai, ya tafi kasuwa.

Litinin, 1 ga Satumba, da azahar

Ranar Asabar Malam Zaharaddin ya hau babur ya tafi Ɗantutture.

Da bakinsa ya faɗa min, fuskarsa a sake, kamar wanda ya sauke kaya. Ya ce tunda Baba ya ji, bai kamata shi ya zauna a Dutsin-Ma bai je ya yi jaje ya nemi gafara ba. Ya sayi goro da sukari. Ya tarar da shi a ƙofar gida tare da mutane, ya jira aka watse, sannan ya ce masa a yafe masa, da bai buɗe ƙofa ba da Malama ba ta cire tabarau ta durƙusa ba.

"Mi ya ce?"

"Ya sa na maimaita mashi, na maimaita. Sai ya ce in tashi in kama hanya kar yamma ta yi mani."

Na ce wa ya aike ka? Ya ce ai ke kika ce ya ji. Na ce masa abubuwa da yawa, murya a sama, har masinja ya leƙo. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa ba, ga shi kuma ba inda zan kama shi. Ya yi abin da aka koya masa a gidansu. Mu biyu ke nan.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Na kira wayar Baba, a kashe. Jiya ma haka.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Bai kira ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da la'asar

Inno ta kira da wayar maƙwabta. Ta fara da faɗa, me ya sa na rufe ta kamar bare, ta ƙare da kuka. Ta ce Baba bai je gona ba tun ranar, ga gero ya nuna tsuntsaye na sha'aninsu. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Alhaji Mutawakkil ya tsokane shi da zancen 'yan kunne a masallaci, ya tashi ya bar wurin ko takalmi bai saka daidai ba.

"Cewa yake wa ya kai shi. Taki ya je saye, mi ya kai shi leƙe-leƙe."

Na ce ta ba shi wayar. Ta tafi, ta dawo, ta ce shina alwala. Ƙarfe huɗu da rabi, an riga an yi la'asar.

Talata, 9 ga Satumba, da yamma

Katsina. Likita ya ce jinin ya janye, kuma na yi sa'a gefen idon bai taɓu ba. Abin da ya rage a tsakiya tabo ne. Na ce zai ragu? Ya ce ƙwaƙwalwa takan saba, mutum ya daina lura. Na ce ba ita na tambaya ba. Ya ce a'a, ba zai ragu ba.

A hanya Abdullatif ya tsaya ya sayi gasasshiyar masara. Ban ci ba. Ya ce me za mu faɗa wa Baba. Na ce za mu ce ya warke saura kaɗan. Ya ce ke kika san ubanki. Ban gane ko yarda ya yi ko gargaɗi ba.

An buɗe ɗakin gwaji jiya. Malam Zaharaddin ya kewaye teburin da baƙin allo mai tsayi, ya sa wa ƙofa sakata ta ciki. Ya yi kyau. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Yana nan. Ba sai na sake rubutawa ba.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan magariba

Mun je Ɗantutture da safe, mun dawo kafin la'asar.

Tun daga Kurfi ake ta yankan gero, gonar Baba ce kawai a tsaye. Mun same shi a cikin gida a kan tabarma, ba a ƙofar gida inda ya saba zama ba. Ya rame. Abdullatif ya gaishe shi ya fita wajen maza. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Inno ta zauna a bakin ɗaki tana tsince wake, wake kuwa tsintacce ne.

Na fara ba shi labarin koren, na ce abin da nake nema ya samu, za a buga shi a mujalla. Ya ce madalla. Na ce Hafiza na gaishe shi. Ya ce shina amsawa.

Can ya ce, "Yaron nan ya ce da ban shigo ba da ba ki duƙa ba."

Na ce, "Baba, abin da Allah ya rubuta ne."

"Na san Allah ya rubuta. Tun ba a haife ki ba na san wannan. Ba shi nike tambaya ba."

Na ce idon ya yi sauƙi sosai, likita ya ce saura kaɗan, ina karatu, ina ɗinki, ina komai. Na faɗe shi tiryan-tiryan yadda na shirya a mota.

Ya gyara zama ya fuskance ni.

"Rufe mai lafiyar."

Na sa tafin hannu na rufe na hagu.

"Dube ni nan. Kina ganina?"

"Ina ganinka sarai."

Ina ganin hularsa. Ina ganin kunnuwansa, da ƙarshen gemu, da wuyan rigarsa mai aikin da ya koɗe. Tsakaninsu babu komai. In na ɗan kautar da ido gefe zan iya hango fuskar ta gefen gani, na iya wannan dabarar yanzu, amma idonsa na kan nawa, zai ga ya motsa.

"To mi nike yi?"

Muryarsa ba rawa, irin wadda yake tsokanata da ita ina ƙarama. Na bi muryar.

"Murmushi kake, Baba."

Na ji Inno ta ajiye faifai ta shige ɗaki.

"Haka ne, Uwata," in ji shi. "Kin gani daidai."

Hawaye ne, sun sauko har sun jiƙa gemun. Yana laluben gefen babbar riga zai share, yana cewa in dakata, kada in sauke hannun tukuna.

Na riga na sauke.